Rakiyar da Ba a Yi wa Sarkin Noma Ba

Kowace shekara idan kwaleji ta yi hutu, sai a aiko mana saurayi ɗaya ya zauna a zauren Maigida ya koyi aikin jama'a. Maigida shi ne wakilin wannan yanki namu na Sabon Birni da Isa a majalisar Kaduna, ni kuwa masinjansa ne, sunana Tunau. Duk wanda aka aiko, kallo ɗaya yake yi wa zauren ya yanke hukunci. Tebur ɗaya, tabarmi huɗu, randa a lungu, kwalbar tawada, tsohuwar tafireta, da babban littafi mai baƙin bango inda ake rubuta koke. Sai ya ce a ransa wannan ai ba aiki ba ne: mutum ya zo ya faɗi damuwarsa, ka rubuta, Maigida ya dawo ya karanta. Na bana har ya faɗa mini a fili, ya ce ko ƙanensa na elemantare zai iya. Ban yi masa gardama ba. Na ce dai tunda ajin Yaƙi da Jahilci ya buɗe mini hannu, za ni rubuta muku yadda aikin yake, ku karanta kafin ku hau kujerar nan.

Saƙon farko da na taɓa kaiwa, Gatawa na kai shi. A lokacin ina bin wani tsoho, Baba Jari, wanda ke kai saƙon hakimi ƙauyuka tun ba a san zancen majalisa ba. Ya ba ni magana uku a ka, na tafi da ƙafa, na dawo da amsa uku daidai ba ragi ba ƙari, ina jiran yabo. Sai ya ce, "Da ka isa, hura anka kawo maka ko ruwa zalla?" Na ce ban kula ba. Ya ce, "Da za ka tahowa, wa yar raka ka, kuma har ina?" Na ce maigari ya so ya raka ni, na ce masa ya huta, sauri nake yi. Baba Jari ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in sha ruwa in koma. Na koma a ranar. Maigari ya raka ni har bayan maƙabarta, can ya gaya mini cewa shanun garin sun soma mutuwa, kuma ba ya so ya faɗa a gaban mahauta. Shekara tara na yi tare da tsohon nan, kuma yawancin abin da na koya a bayan gari na koye shi, ba a fada ba.

Masu zuwa zauren Maigida iri-iri ne. Akwai arɗo wanda manoma suka shuke masa burtali. Akwai fatake da aka tsare wa kaya a kan iyakar ƙasar Faransa ta wajen Maraɗi. Akwai tsohon soja da takardar sallamarsa ta jiƙe ta manne. Mata ba su cika shigowa zaure ba, ta wurin mahaifiyar Maigida kokensu ke fitowa. Wasu, kamar fatake, kai tsaye suke magana, don lokaci kuɗi ne a gare su. Amma magidancin ƙauye mai mutunci, in abin da ya kawo shi mai nauyi ne, ba zai sauke shi a kan tabarma kunnuwa goma na saurare ba. Zai gaishe ka, ya gaida gida, ya gaida gajiya, ya tambayi ruwa. Sannan ya ɗauko wata 'yar bukata ƙarama ya ajiye, don kada a ce ya zo ba dalili. Daga nan ya ce, "To, za ni koma." Nan aikinka ya soma. Ka tashi, ka riƙe masa sanda ya sa takalmi, ku fita tare. Ku wuce masallaci, ku wuce masu sayar da itace. Kada ka tambaye shi komai. Idan gidaje suka ƙare za ka ji ya rage tafiya, sai ya ce, "Af, na ko manta." Abin da ya biyo bayan wannan kalma shi ne ya taso shi daga garinsu. Shi ya sa nake ce muku a cikin kayan aikin nan duka, takalmi ya fi alƙalami saurin ƙarewa.

Lawali ya zo mana a muguwar shekara. Ɗan Isa ne, amma tun yana da shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, daga can ya wuce kwaleji a Zariya. Yaro ne mai kaifin kai da ladabi, kuma ba za ni rage masa haƙƙinsa ba. Kafin zuwansa takardunmu a cikin kwando suke, gara ta ci rabi. Shi ya ɗinke su, ya ware na kowace gunduma daban, ya sa tafiretar da ta shekara a rufe ta soma ƙara. Yana da agogon hannu, kuma ya tsara cewa kowane mai koke a ji shi bi da bi, kada wani ya wuni wani na jira. Yana ce mini Baba Tunau, ni ina ce masa Malam Ƙarami.

Wata rana na dawo daga raka wani Bafillace, sai ya ce, "Baba Tunau, wannan rakiya taka ta kullum, ba dai wurin mai tsire take ƙarewa ba?"

Na ce, "Malam Ƙarami, da tsire na, ai da ka gani ga wuyana."

Muka yi dariya, zance ya wuce. Nan na yi nawa kuskuren. Ban zaunar da shi na yi masa bayani ba, don na ɗauka duk ɗan ƙasar nan da wannan aka haife shi. Na manta cewa shekarun da yaro ke zama gefen ubansa yana ganin yadda ake sallamar baƙo, shi a aji ya yi su.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin bazara mutane sun koma kan dussa da ganyen tafasa, wasu har 'ya'yan anza masu ɗaci suke jiƙawa. Da ruwan farko ya sauka kowa ya fita ya yi shuka, sai sama ta rufe kusan wata guda, rana ta ƙone tsiron. Ruwa bai dawo sosai ba sai wata ranar Lahadi. Washegari Litinin, Maigida na Kaduna wurin zaman majalisa, ni kuma na ɗauki keke na tafi Isa da Bafarawa da wasiƙu. Na bar Lawali shi kaɗai a zaure. Ban dawo ba sai Juma'a bayan masallaci.

A lokacin ban iya karatu ba, don haka al'adarmu ita ce in na dawo ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya karanta na arɗo, ya karanta na wani maƙeri. Sai ya zo kan wannan: "Litinin. Labbo, Sarkin Noma, daga wata tunga bayan Tsamaye. Yana roƙon a gyara bakin rijiyarsu da siminti. A jira dawowar Maigida."

Na ce ya dakata. Labbo na san shi. Mutum ne da ya taɓa yin dami dubu, kuma duk ƙasar nan in iri ya gagara gidansa ake zuwa.

Na ce, "Da jaki yaz zo ko da ƙahwa?"

"Da ƙafa."

"Wa ag ga zaure sa'ad da yaz zo?"

"Fatake biyu, da wani dogo mai sayar da gishiri, mutumin Tsamaye."

Dogon nan surukin Labbo ne, 'yarsa ke auren babban ɗan Labbo. Na ce, "An kawo mai hura?"

"An kawo. Ya shanye ƙwaryar tas, har na yi mamaki."

"Da za shi tahiya fa?"

"Ya ce zai koma, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana gyara igiyar takalminsa. Ya daɗe kam. Sai na kira mai bi masa."

Na ce, "Malam Ƙarami, Lahadi anka yi ruwa. Wane Sarkin Noma ka barin gona kwana ɗaya bayan ruwa, shi yi tahiyar wuni da ƙahwa, don bakin rijiya?"

Ya dubi littafin, ya dube ni. Ya ce, "Amma abin da ya faɗa ke nan. Na rubuta daidai."

Na ce, "Ka rubuta daidai. Je ka ari keke, da asuba za mu."

Hanyar Tsamaye yashi ce, rabi hawa rabi turawa. Lawali ya faɗi sau biyu, wandonsa na makaranta ya yage a gwiwa. Mun isa tungar da hantsi. Abin da na fara lura da shi, ba ƙarar turmi ko ɗaya a gari mai gida goma sha ɗaya. Rumbuna a rufe tsaf, an share gindinsu. Gonakin da muka ratsa kuwa ƙasa jiƙe, ba ramin shuka ko ɗaya.

Labbo ya tarbe mu da fara'a kamar ranar suna. Ya sa a kamo kaza, na rantse masa sauri muke yi, don na ga ita kaɗai ke yawo a tsakar gidan. Na ce mun zo duba rijiya. Ya kai mu. Rijiyar ba abin da ya same ta sai ɗan zubewa a gefe ɗaya wanda kwandon laka biyu zai gyara. Tun a hanya na gaya wa Lawali ya auna ta da gaske, ya kuwa auna da igiya, ya rubuta. Babban ɗan Labbo, Ibra, wani ƙaƙƙarfan mutum marar yawan magana, shi ya jawo mana ruwa muka sha. Ya tsaya yana kallon takardar da ke hannun Lawali.

Na ce, "To, Sarki, za mu koma."

Ya ce, "Bari in taka muku."

Muka tura kekuna, yana tsakiyarmu. Muka wuce dangar ƙarshe, muka wuce wani babban gawo, har muka kai gefen gonarsa. Can ya tsaya. Ya sa babban yatsan ƙafa ya tone ƙasa.

Ya ce, "Tunau, ka ga danshi."

Na ce, "Na gani, Sarki."

Ya mayar da ƙasar da ƙafa. Sannan ya ce, "Iri, mun ci shi."

Lawali ya kai hannu aljihu zai zaro takarda, na riƙe masa wuyan hannu. Labbo bai dube mu ba, gonar yake kallo. Ya ce, "Na hwarko rana ta ƙone. Wanda munka aje na biyu, ni da hannuna nib buɗe rumbu nib ba mata, don ɗiya na kuka. Gida goma sha ɗaya, babu mai ko cikin tahin hannu. Shekara talatin gidana aka zuwa ɗibar iri. Gaban surukina za ni hwaɗin wanga?"

Na ce, "Kwana nawa ag gare mu?"

Ya ce, "In ya wuce goma, hatsi ba shi kaiwa. Samari sun soma zancen ƙetarawa ƙasar Faransa."

Na ce masa za mu dawo, muka yi sallama. A hanyar dawowa, da muka kusa gari, Lawali ya tsayar da keke. Ya ce, "Baba Tunau, hatimin Maigida na wurinka?" Na ce yana cikin jakata.

Abin da ya biyo baya aikin Lawali ne, ni rakiya kawai na yi. En'e na da rumbun hatsi a Isa don irin wannan shekara, amma ba a buɗe shi sai da yardar hakimi da sa hannun Di'o, Baturen mulki. Da ni kaɗai ne, da sai na jira Maigida ya dawo, lokacin kuwa shuka ta wuce. Ranar Lahadi ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, Lawali na zaune yana buga tafireta da sunan Maigida, ni ina danna hatimi: wasiƙa ɗaya da Hausa zuwa ga hakimi, ɗaya da Turanci zuwa ga Di'o, wanda Allah ya sa yana rangadi ya sauka a barikin Isa. Litinin muka isa. Hakimi ya yarda nan take. Malamin rumbu kuwa ya ce ƙa'ida ita ce a kawo sunan kowane magidanci da za a ba, a karanta a fada.

Lawali ya ce, "Malam, suna ɗaya za ka samu, na Maigida. Shi ya tsaya musu."

Malamin ya ce, "Kai, ɗan kwaleji, ni za ka koya wa aikina?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma in aka karanta sunan mutumin nan a fada, gara a bar shi da yunwarsa."

Malamin ya ce to ya kawo hannun Bature. Muka zauna a inuwar bariki tun hantsi har la'asar. Da aka kira mu, Lawali ya tsaya da yagaggen wandonsa ya yi Turanci ba gargada. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga Baturen ya cire tabarau, ya yi tambaya biyu, ya sa hannu.

Talata aka auna iri aka ɗora wa jakuna shida. Gulbi ya kawo, muka rasa wuni guda a bakinsa muna jiran ya sauka. Sai ranar Alhamis da safe muka shiga tungar. Ban bari an sauke ko buhu ɗaya a dandali ba. Cikin gidan Labbo aka shiga da su, shi ya zauna a ƙofar rumbunsa ya riƙa aunawa da ƙwaryarsa yana miƙa wa kowane magidanci, kamar yadda ya saba yi shekara talatin. Kowa ya san inda irin ya fito, ba wanda ya ambata. Kafin azahar duk tungar ta fita. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Lawali ya tuɓe takalmi ya karɓi sungumi. Layinsa ya karkace, wata tsohuwa ta ce masa, "Malam, gonar maƙwabci za ka?" Aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Kafin la'asar tafin hannunsa ya ɗuri ruwa.

Da za mu tafi Labbo ya sake taka mana. Muka wuce gawon nan, muka wuce gonarsa da aka gama rabi. Kusa da ita akwai wata babbar gona da ba a taɓa ba ko sara ɗaya. Nan ya rage tafiya. A wannan karon Lawali bai taɓa aljihu ba, ya tsaya ya jira.

Labbo ya ce, "Wagga ta Ibra ta."

Sai a lokacin na tuna ban ga Ibra ba wurin rabo.

Ya ce, "Litinin yat tahi, da matatai da ɗiyanai huɗu, sun yi wajen Maraɗi. Na ce mai shi jira, kun ce kuna zuwa. Yac ce, Baba, ka tahi da ƙahwakka an rubuta, mi yab biyo baya? Sun zo sun auna rijiya sun rubuta. Ruwan Lahadi yas sauka, Ibra yat tsaya nan inda kake yana kallon ƙasa, babu abin da za shi sa mata. Da sahe yaɗ ɗaure kaya."

Na ga leɓen Lawali na motsi. Kwanaki yake ƙidayawa. Daga Litinin da Labbo ya zo zaure zuwa Juma'ar da na dawo, kwana huɗu. A cire huɗu daga Alhamis, Lahadi ke nan.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne ban raka ka ba ranar nan."

Labbo ya kama kafaɗarsa ya tashe shi. Ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ad da baki ban buɗe ba. Ka kawo iri, Allah shi yi ma albarka."

Lawali ya ce, "Za ni rubuta masa."

Nan a gefen gonar ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta da ajami, don duk malamin da Ibra ya samu ya iya karanta masa: iri ya zo, rabonka na nan a ɗaure, ka dawo. Washegari muka ba wani falke mai zuwa Maraɗi. Bayan mako Lawali ya sake rubuta wata, ya ba wani. Sauran hutunsa kuwa ba wanda ya fita daga zauren nan shi kaɗai. Ko mai neman a karanta masa takardar asibiti, sai Lawali ya tashi ya taka masa har bayan masu itace, masu jira su jira.

Tungar ta girbe abin da ya kai ta kaka mai zuwa. Gida goma suna nan har yau, bara ma daga can Maigida ya sayi irin gonarsa. Rabon Ibra kuwa Labbo ya ajiye shi a ɗaure, ya hana kowa taɓawa har lokacin shuka ya wuce. Falken farko ya ce ya ba da takardar a hannun wani malami a kasuwa. Na biyu ya ce an gaya masa mutumin ya yi gaba.

Watan jiya na bi ta hanyar da saƙon Maigida. Labbo ya tsufa, ba ya iya doguwar tafiya, amma ya taka mini har gefen gonar. Sabara ta cinye ta, ta kai ƙirjin mutum. Ya ce mutum uku sun roƙe shi aro, ya ce musu tana da mai ita.